Inda ruwan unguwarmu yake kwana

A bayan gidan da aka haife ni, cikin birnin Kano, akwai wani kududdufi. Ba shi da suna a taswira, mu ma Kududdufi kawai muke ce masa, sai ka ce babu wani sai shi. Kakanninmu ne suka haƙa shi, kuma ba don ruwa suka haƙa ba. Daga nan aka ɗebi ƙasar da aka kwaɓa aka yi tubalin soraye da katangun unguwar, duk gidan da ya tashi sai ramin ya ƙara zurfi. Da damina, ruwan indararon kowane gida sai ya bi rariya ya fita lungu, ya faɗa lambatu, ya gangara can. A can yake kwana. Yakan yi watanni yana tsotsewa cikin ƙasa a hankali, shi ya sa har na gama firamare ban taɓa ganin rijiyar gidanmu ta ƙafe ba.

Ba zan yi masa kwalliyar da ba shi da ita ba. Akwai sauro, akwai wari idan rani ya yi nisa, kuma yaran da ba sa jin magana wajen wanka a ciki sun yi fama da tsargiya. Amma a bakinsa akwai cediya biyu da wani ƙaton durumi, a ƙarƙashinsu masu ɗinkin hula suke wuni, almajirai na wanki suna shanya a kan duwatsu. Da azahar ɗin bazara, in ka fito daga lungu ka doshi wurin, tun kafin ka isa za ka ji iskar ta canja a jikinka.

Cike shi ba rana ɗaya aka yi ba, kuma gaskiya mu muka fara. Shara muka riƙa zubawa, bokiti bayan bokiti, har gefe guda ya zama juji. Daga baya sai ga tifa-tifa suna sauke ɓaraguzan gini da daddare. Kafin mu farga an yanka filaye, an sare durumin, bulo ya fara tashi. Ba a tara kowa ba, ba a tambayi kowa ba. Gwaggo, yayar mahaifina, wadda ta girmi duk wanda ya sa hannu a cinikin, tana zaune a zaure ta ga ana wucewa da rassan durumin a kura, sai ta ce mini, "Ɗan nan, sun gine wa ruwa makwancinsa. To a ɗakin wa zai kwana?"

Amsar ta zo a damunar 2022, shekarar da ambaliya ta kashe mutum sama da 600 a Najeriya, ta raba fiye da miliyan guda da gidajensu, maƙwabtanmu na Jigawa suka fi mu ɗanɗana ta. Namu ƙarami ne in aka gwada da nasu, amma ba zan manta da shi ba. Ruwan ya tsuge bayan sallar isha'i. Wajen sha biyun dare matata ta tashe ni ta ce in saurara. Rariyar tsakar gida, wadda aikinta fitar da ruwa, ita ce take amai da shi, baƙi ƙirin, da leda da komai. Muka kife turmi muka ɗora buhun masara a kai, muka jingine katifu a bango. Ni na goya Gwaggo zuwa benen maƙwabci, ruwa har gwiwa, tana ta salati a kunnena. Da asuba katangar ƙasa ta gida na uku da mu ta zauna gaba ɗaya. Allah ya taƙaita, babu wanda ya rasa rai.

Ni malamin labarin ƙasa ne a makarantar sakandare. Shekara da shekaru ina zana wa yara yadda ruwan sama yake rabuwa, wani ya shige ƙasa, wani ya gudana, kuma ina gaya musu cewa duk inda aka shafe ƙasa da siminti da kwalta, rabon mai gudana ne yake ƙaruwa. Abin da Gwaggo ta faɗa ke nan da kalmomi kaɗan. Ruwan Kano a wata huɗu yake zuwa, mafi ƙarfinsa a Agusta, kuma cikin gari rafin Jakara yake nema. Kududdufan nan, na cikin unguwanni da na bakin ganuwa, su ne suke riƙe shi har magudana ta samu numfashi. Yanzu ga shi ruwan yana zuwa da ƙarfin da tsofaffi suke cewa ba su saba gani ba, ga makwancinsa an toshe.

Sai kuma zafi. Azumin 2024 ya faɗo cikin Maris da Afrilu, kowa ya san yadda aka sha. A farkon Afrilun nan ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Mu a nan haura 40 ba labari ba ne a bazara, amma abin da ya fi damuna shi ne dare. Kwanon rufi da bulo da intalok suna shan rana duk wuni, su riƙa fesar da ita bayan magariba. Ba wuta, ba fanka. Maza suna shimfiɗa tabarma a ƙofar gida, mata da jarirai da tsofaffi su ne a ciki. Masu ɗinkin hular nan kuwa sun watse, don ba inuwar da za ta ɗauke su.

Abin yakan ba ni takaici in na tuna sunayen unguwannin garin nan. Kurna, Giginyu, Dorayi, Durumin Iya, Tsamiyar Boka, Cediyar 'Yan Gurasa, Kasuwar Rimi. Gari ne da mutanensa suke yi wa baƙo kwatance da bishiya. Ba wanda zai ce sai an koya wa Bakano amfanin inuwa.

Duk da haka na ga yadda dashen bishiya yake mutuwa a hannunmu. Wata shekara aka zo bakin titin unguwarmu da rumfa da lasifika da manyan baƙi, aka dasa bishiyar turare jere, aka ɗauki hoto, aka tafi. Ƙarshen Satumba ne, damina na haɗa kayanta. Wasu an dasa su daidai ƙarƙashin wayar lantarki, wasu a bakin shagon da mai shi bai san da zancen ba sai da ya zo buɗewa. Babu keji, babu wanda aka ce shi zai ba su ruwa. Awaki suka yi sati biyu suna kiwo. Guda ɗaya ce ta rayu, ta wajen mai shayi. Shi da kansa ya tone ta da yamma ya matsar da ita inda yake so inuwa ta faɗo wa bencinsa, ya kewaye ta da tsohuwar taya da ƙaya, kullum ruwan ɗaurayar kofuna a gindinta yake ƙarewa. Yanzu ta fi rumfarsa tsawo.

Wannan ya tuna mini da abin da na gani a wajen dangin mahaifiyata a ƙasar Maraɗi. A can ma an daɗe ana rabon dashe yana mutuwa, kuma a lokacin manomi na kallon itacen gonarsa a matsayin kayan gwamnati, wanda in ya taɓa shi, ma'aikatan gandun daji za su ci shi tara, saboda haka gara ya tumɓuke shi tun yana tsiro. A 1983 wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo ya lura cewa kututturen da ake sassabewa kowace shekara suna da rai, saiwarsu na nan a ƙasa. In manomi ya zaɓi reshe biyu ko uku ya bari, ya aske sauran, bishiya za ta tashi ba tare da dashe ba. Dabarar ba ta da wuya. Abin da ya sa ta bazu shi ne manoma sun samu tabbacin itacen nasu ne, su za su ci moriyarsa. Yau ana ƙiyasta bishiya wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na ƙasar Nijar. Kawuna ya zaga da ni gonarsa yana nuna mini gawo ɗaya bayan ɗaya kamar mai nuna 'ya'yansa. Ƙauye ne, ba birni ba, amma abin da ya raya gawon Kawu shi ya raya turaren mai shayi.

To, kududdufinmu bai mutu duka ba. Akwai kamar kashi ɗaya cikin uku da ya rage, don wurin ya fi zurfi, cike shi zai ci kuɗi. Bayan azumin nan mai zafi, wata malamar jami'a, injiniya, ta zo da ɗalibanta suna son su yi aikin karatunsu a kansa. Taron farko a wani ɗakin taro aka kira shi, ranar aiki, ƙarfe goma na safe, da Turanci da na'urar haska hoto. Na nemi izini a makaranta na je. Mu 'yan unguwa ba mu cika benci biyu ba, kuma babu mace ko ɗaya. Aka nuna mana zane mai kyau: ciyawa shar, kujerun siminti, doguwar katanga da ƙofa. Muka ce ya yi. Me za mu ce? An riga an gama.

Abin da ya sa nake ganin girman matar nan shi ne ba ta karɓi wannan "ya yi" ɗin ba. Washegari ta je gaida Mai unguwa, ta ce, "Ranka ya daɗe, jiya ban ji ta bakin mutanenka ba, nawa bakin kawai na ji. Yaya za a yi?" Ya ce mata, "Hajiya, da ɗan gari akan ci gari. Ki bar takardar nan a mota. Ki zo ranar Asabar bayan la'asar, nan ƙofar gidana."

Ranar an cika, har kan dakali. Ba a buɗe takarda ba. Wani ɗalibi ya zana titi da masallaci a ƙasa da tsinke, aka ce kowa ya nuna inda ruwa yake bi. Nan fa wuri ya kaure. Wani tsohon magini, wanda da hannunsa ya yi yaɓen rabin gidajen unguwar, ya karɓi tsinken ya ja layi daga bayan masallaci, ya bi ta ƙarƙashin wani jeren shaguna, ya ce, "Nan ce tsohuwar hanyar ruwa. Akwai kwalbati a binne a nan, ina yaro aka yi ta." Babu ita a taswirar da suka zo da ita. Bayan kwana biyu ɗaliban suka tona, suka same ta cike da yashi da leda. 'Yan ga-ruwa suka ce in aka kewaye wurin da katanga sai sun yi zagaye mai nisa da kura, jarka za ta ƙara kuɗi. Matasa suka ce su ba ciyawa suke so ba, filin ƙwallo suke so, don yanzu a kan titi suke bugawa.

Aka zo kan bishiya. Wani ya kawo tsamiya, wasu dattawa suka ce ba a kusa da gidajensu ba, kowa ya san abin da ake faɗa game da tsamiya da kuka. Malam Liman bai tsaya gardama ba, ya tunatar da mu hadisin da ya ce duk Musulmin da ya dasa itace, mutum ko tsuntsu ko dabba ya ci, sadaka ce gare shi, sannan ya ce a zaɓi wadda hankalin mutane zai kwanta da ita, tunda su za su ba ta ruwa. Magini ya ce darbejiya ta fi kowa jure fari da awaki, amma a nisanta ta da katanga, kuma cediya da durumi sai can tsakiyar fili saboda saiwarsu na ɗaga gini.

Mata ba su zo ƙofar Mai unguwa ba, kuma ba za su zo ba. Malamar ta san haka, sai ta tura ɗalibanta mata makarantar Islamiyyar matan aure ranar Lahadi. Matata ta dawo tana ba ni labari, na ga abubuwan da mu maza ko a mafarki ba mu kawo ba. Sun ce doguwar katanga maɓoyar 'yan shaye-shaye ce, a yi gajera wadda uwa za ta hango ɗanta daga bakin lungu. Sun ce a sa fitila mai aiki da hasken rana. Sun tambayi wa zai shayar da ciyawa alhali ruwan sha ma saye ake yi. Sun nemi zogale da mangwaro da lalle, abin da za a tsinka a yi amfani da shi, da gefe guda da za a riƙa kafa rumfar biki da suna maimakon toshe lungu. Kuma sun ce in dai ruwa zai zauna, kada ya kai zurfin da zai ci yaro. Wata da ɗanta ya taɓa faɗawa ciki ta ce ita a cike shi duka a huta.

Ba ita kaɗai ba ce. A taron da ya biyo baya mutane da yawa sun ce a cike, a shafe da siminti, sauro ya ƙare. Nan ne na ga amfanin mai ilimin abin. Malamar ta sa aka kawo buta biyu. Ta zuba ɗaya a kan dakalin siminti, ɗaya a kan ƙasa, ta ce a duba. Na kan dakali ya gangara ya jiƙa tabarmar mutanen da ke ƙasa, suka miƙe ana dariya. Ta ce, "To haka za ku yi wa unguwar da ke gangarenku, kuma kafin ya kai can sai ya fara ziyartar ɗakunanku." Game da sauro ta yi bayani cewa daga ƙwai zuwa tashi yana bukatar kamar mako guda ko fiye a ruwa kwance, saboda haka in aka gyara wurin yadda ruwa zai janye cikin kwana biyu ko uku, an rage masa dama. Jama'a sun san inda ruwa yake bi, ita ta san girman kwalbatin da zai ɗauke shi. Da an bar mu mu kaɗai da mun shafe wurin da siminti, da an bar ta ita kaɗai da an yi lambun da ba mai shiga.

Akwai wanda maganarsa ta tsaya mini a rai. Direban a-daidaita-sahu ne, yana cikin waɗanda suka gina a kan ɓangaren da aka cike, kuma wasu sun fara jifansa da magana. Ya miƙe ya ce, "Malam, ni da gumina na sayi filin nan, da takarda. Ban san ruwa na saya ba. Duk damina ɗakina ne yake fara cika kafin naku." Wuri ya yi tsit. Daga ranar aka sa shi cikin kwamiti.

Abin da aka daddale a kai ba shi da kyan zanen farko. Kwari ne mai faɗi marar zurfi, gefensa a kwance ba a tsaye ba, ya tara ruwa da damina ya miƙa rarar ga tsohuwar kwalbatin, da rani ya bushe ya zama filin ƙwallo. Hanyar kura ta bi ta gefe. Bishiyoyi su kewaye shi, kuma kowace da gidan da ya ɗauki nauyinta, an rubuta a littafin kwamiti. Mun yi gayya Asabar huɗu muna kwashe shara da yashe kwalbati. Dashen mun jira shi sai da ruwa ya zauna, kowace da kejinta na kara da ƙaya. Wasu sun mutu, fiye da rabi suna nan. Gyaran kwarin kansa ya fi ƙarfin cebur da kwandonmu, yana bukatar mota mai tono da kuɗi.

Kuɗin kuwa ba wai babu su a ƙasa ba ne. A Disambar 2021 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 700 don shirin ACReSAL, na jihohin Arewa 19 da Abuja, kan zaizayar ƙasa da ruwa da sauyin yanayi. Roƙona ga duk mai riƙe da irin wannan aiki, na gwamnati ko na ƙungiya, shi ne ya zo kafin ya yi zane, ba bayan ya gama ba, ya zo da Hausa, a lokacin da mai neman abinci zai iya zama, ya nemi mata inda suke. Kuma ya ware kuɗin reno, ba na dashe kaɗai ba. A Freetown, babban birnin Saliyo, inda zaftarewar ƙasa ta kashe mutum sama da 1,000 a Agustan 2017, magajiyar garin Yvonne Aki-Sawyerr ta ƙaddamar da dashen bishiya miliyan guda a 2020. Mutanen unguwanni aka ɗauka su dasa, su riƙa ɗaukar hoton kowace bishiya da waya don a ga tana raye, ana biyansu ta waya a kan kulawar. Matasan da ke zaune a bakin lungunmu za su iya wannan, wayar ma tana hannunsu.

Har yanzu da sauran aiki a gabanmu. Wani ya ɓullo da takarda yana cewa ragowar filin nasa ne, Mai unguwa ya kai maganar wajen Dagaci, muna jira. Sannan mun yi kuskuren da muke zargin wasu da shi: duk tarukan nan ba mu gayyaci mutanen gangare ba, alhali kwalbatin da muka yashe wajensu take kai ruwa. Wani dattijonsu ya tare ni a masallacin Juma'a ya ce, "Malam, mun ji kun buɗe wa ruwa hanya. Mu fa?" Na ba shi haƙuri, na ce yana da gaskiya. An sa taro da su Asabar mai zuwa, a ƙofar nasu Mai unguwar, kuma malamar ta ce za ta zo da butocinta.

Gidanmu cediya aka ba mu, a daidai inda ɗaya daga cikin tsofaffin take a da. Gwaggo ba ta iya fita yanzu, amma ita ta ce a riƙa tara ruwan alwalarta a tsohon bokitin fenti. Ƙaramar 'yata ce take kai shi kullum bayan la'asar, in ta dawo sai ta tsaya a bakin ɗaki ta faɗa mata ganye nawa ya fito.